Yadda Ake Shigar da Babban Babur Ta Ƙaramar Ƙofa

Kafin ka taɓa komai, tsaya a ƙofar gida ka tabbatar da abu uku: akwai babur, akwai ƙofa, kuma babur ɗin yana waje. In ɗaya daga ciki bai tabbata ba, bayanin nan bai iso kanka ba tukuna. In kuwa jiya ka bar babur a waje, yau ka fito ka tarar da ƙofa kaɗai, to wani ya riga ya warware maka matsalar, kuma saboda shi ne sauran jama'a suke shan wahalar da za mu yi bayani. Sarƙa da kwaɗo suna da amfaninsu, amma mai kunya kawai suke hanawa. Makwancin babur cikin gida ne.

Aikin farko awo. Nemi tef, na kafinta ko na tela, duk ɗaya. Fuska biyu gare shi, ɗaya inci, ɗaya santimita. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta har a gama. Akwai masu auna babur da fuskar inci su sami 31, su juya tef su auna ƙofa da fuskar santimita su sami 76, sai su yi hamdala su turo babur da ƙwarin gwiwa. Lissafin yana faranta rai, sai dai ƙofa ba ta karɓarsa. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, kuma ba a yin ragi ko ranar kasuwa.

Kada ka dogara da abin da birkila ya gaya maka ranar gini. Ya ce ƙafa uku, wato santimita 91, kuma bai yi ƙarya ba: ramin da ya bari tsakanin bulo da bulo ke nan. Bayansa mai filasta ya zo ya ci nasa, mai walda ya kafa firem ya ci nasa, ƙyaure ya tsaya a gefe da kaurinsa da sakatarsa. Abin da ya rage bayan kowa ya ci, shi ne naka. Ka auna shi a wuri uku, ƙasa da tsakiya da sama. A gidan bulo amsoshin za su kusanci juna. A gidan ƙasa, irin na lungunan Yakasai da Mandawari ko cikin birnin Zariya, za ka sami amsa uku da ba su san juna ba, domin ana yaɓe, yaɓe kuwa ƙari yake yi. Wadda ta shafe ka ita ce ta wajen mita ɗaya daga ƙasa, don a nan kan babur zai wuce, ko ya ƙi.

Yanzu babur. Taya siririya ce, ko ƙofar banɗaki za ta shiga, kuma ita ce take yaudarar mutane: tana gaba, ta shige lafiya, mai shi ya ɗauka saura ma za su biyo. Faɗin yana a kai, daga ƙarshen hannun hagu zuwa ƙarshen na dama, har da ƙarafan birki da kuloci in sun zarce. Roba-roba ba ta cika kawo ƙara ba. Boxer ɗin kamfanin Bajaj na Indiya, wanda 'yan acaɓa ke so saboda doguwar kujerarsa, kansa ya haura santimita 70. Manya irin BMW R 1250 GS kuwa kansu ya doshi mita ɗaya, nauyinsu kilo 249, buhun siminti biyar ba kilo ɗaya, ga kawunan inji biyu sun leƙo hagu da dama, tsarin da kamfanin yake kai tun 1923. Jamusawan da suka ƙera shi ba su taɓa ganin soronku ba, kuma babu alamar sun tambaya.

Don sauƙin karatu, mu ɗauka ƙofarka santimita 76 ce, kan babur ɗinka 80. Ka debe 76 daga 80, saura 4. Duk abin da za mu yi daga yanzu zuwa isha'i, saboda santimita 4 ɗin nan ne.

Mu fara kawar da hanyoyin da aka jarraba aka ga ba su yi ba, don kada ka ɓata yammacinka. Gudu ba ya rage faɗi. Babur mai santimita 80 in ya taho a guje, da 80 ɗinsa cif yake isa ƙofa, bambancin kawai ƙarar da maƙwabta za su ji. Sace iskar taya tsayi take ragewa, daga sama zuwa ƙasa, alhali ƙorafin ƙofa daga gefe zuwa gefe yake. Zuƙe mai yana rage nauyi, tankin lita 11 zai sauke maka kusan kilo 8, kuma bayanka zai gode, amma tanki ba ya motsewa don an zuƙe shi. Haka nan ja da baya a huta, a sha ruwa, a sake gwadawa daidai yadda aka yi da farko. Kai ne mai gajiya. Ƙofa sana'arta ke nan tsayuwa.

Sai a rage wa babur abin da zai ragu. Madubai su ne na farkon sauka, kuma sifana 14 ce ta fi yawan shiga notinsu. In naka Yamaha ne ka kula, haƙorin madubin dama a juye yake: inda ka saba kwancewa, nan yake ɗaurewa. An yi haka ne don in ya bugi wani abu daga gaba ya kwance maimakon ya karye, wanda ke nuna a Japan ma akwai ƙofofi. Ka sa madubin a aljihu, kada ka ajiye a ƙasa, yaran unguwa suna da bukatarsa. Matakan ƙafa ka naɗe su sama. Ƙarfen da aka ɗaura gaban inji don ya kare gwiwa, ka auna shi daban, wani lokaci ya fi kan faɗi. Ledar da ka bari a kujera don a san sabo ne ba sai ka cire ba, ƙofa za ta yi maka.

Ita ma ƙofa tana da abin bayarwa. In ka ɗaga ƙyaure sama ya fita daga maratayarsa, za ka sami santimita 4 ko 5, wato daidai abin da muke nema. Wannan hanya tana da kyau ƙwarai, sai dai ana so kowane dare ka mayar da ƙyauren, domin babur a gidan da ba ƙyaure, a ilmance, har yanzu a waje yake. Ƙyauren ƙarfe kuma cire shi aikin mutum ɗaya ne, mayar da shi aikin mutum uku da tocila.

To, ga ainihin karatun. Kama kan babur ka karya shi hagu har ya tsaya. Duba da kyau: hannun dama ya yi gaba, na hagu ya dawo kusa da tanki. Sandar da ɗazu take a gicciye yanzu ta karkace, kuma karkatacce ba ya cin wuri kamar gicciyayye. Malaman lissafi sun ƙididdige abin. In kai ya juya digiri 40, faɗinsa yana komawa kashi 77 cikin 100, wato 80 ɗinmu ta zama 61 da 'yan kai. Ƙofa 76. Ka ga har da canji.

Matsalar guda ce, ƙarama. Tayar gaba a jikin kan take, inda ya juya nan take juyawa. Babur ɗin da ka karya wa kai ya isa ya shiga ƙofa, amma yanzu bango yake kallo. In ka miƙar da shi ya kalli ƙofa, ya koma 80. Ka yi ta juya maganar nan a ranka har ta zauna, don a kanta aka gina ilimin gaba ɗaya, kuma akwai masu babur da suka yi furfura ba su yarda da ita ba.

Mafita ita ce hannayen su shiga ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake sa wa yaro riga. Turo babur a miƙe har tayar gaba ta shige, saura taƙi ɗaya hannaye su taɓa firem. Tsaya. Karya kai hagu, hannun dama zai leƙa ciki. Tura kaɗan, faɗin tafin hannu, kana ɗan kwantar da babur ɗin hagu don na daman ya kauce wa firem. Da ka ga ya wuce bakin bango ta ciki, tsaya kuma. Yanzu kwantar da shi dama, ka karya kan dama a hankali. Hannun dama zai laɓe bayan bango, inda akwai fili, na hagu ya biyo ta tsakiyar ƙofa. Miƙar da kai. In ka ji ƙas, tirafiketo ne, ba ya cikin lissafi.

Wannan yana yiwuwa ne in bango ba shi da kauri. Bulo mai inci 6 ba ya gardama, mai inci 9 yana yarda da ƙyar. Katangar ƙasa ta tsohon gida, wadda kaurinta kan kai kamu guda, ƙofarta dogon rami ce. Hannun dama zai shiga ya yi ta neman ƙarshen bango bai samu ba, na hagu yana waje yana jira. A irin wannan gida sai a bar kan a karye, wani ya shiga ciki ya ɗaga gaban babur ya taho da shi a haka. Tayar da ba ta taɓa ƙasa ba ta da ta cewa kan inda za a nufa.

Duk wannan lokaci hannuwanka suna kan hannayen babur, kuma tef bai auna su ba. Ƙaramin yatsa da gefen tafi sukan zarce ƙarshen roba da santimita 1 ko 2 ta kowane ɓangare. Cikin abu ukun da suka haɗu a wurin nan, ƙarfe da siminti da kai, kai kaɗai ne kake matsuwa. Don haka ka matso da hannunka ciki, kusa da makunnin fitila, ka bar ƙarshen roba ya gaisa da firem shi kaɗai. In ka manta, za a tuna maka. Farcen yakan yi baƙi washegari, ya faɗi bayan wasu makonni, sabo ya fito. Aiki ba ya tsayawa saboda shi.

A ina za ka tsaya? A fili mai tura babur a hagunsa yake tafiya, amma a bakin ƙofa babu hagu, firem ya cinye. Masana sun rabu uku. Wasu suka ce ka hau kana takawa da ƙafa biyu. Birki yana hannunka, sai dai gwiwoyinka sun shiga lissafi, kuma ƙasa takan yi wa ƙafa nisa daidai lokacin da ake nemanta. Wasu suka ce ka shiga ciki ka fuskanci babur, ka ja kana tafiya da baya. Kana ganin komai, kuma duk abin da ya faru a kanka zai faru. Na uku suka ce ka tsaya a baya ka tura ta kariya, amma ba su faɗi wanda zai riƙe kai ba. Ko wanne ka bi, ka tuɓe babbar riga. Hannunta yana son ƙarfen kuloci, in suka haɗu ba sa rabuwa sai an je wurin tela.

Mun gama da gefe da gefe, saura ƙasa. Dokin ƙofa an ɗaga shi ne saboda ruwan Agusta, kada kwata ta cika ta shigo zaure. Tsakanin cikin babur da ƙasa kuwa, a yawancinsu, santimita 15 zuwa 20 ne. In dokin ƙofa ya fi haka tsayi, tayar gaba za ta haye ta sauka, inji ya zauna daram a kansa, tayar baya ta yi sama. A wannan hali babur ya tashi daga abin hawa ya koma sikeli, kuma da zarar wani ya saki zai nuna maka ɓangaren da ya fi nauyi. Maganinsa filanki biyu, ɗaya a waje, ɗaya a ciki. Mutane sukan tuna da na waje. Ka sami katako mai kauri da bai gaza mita ɗaya da rabi ba, ka tokare gindinsa da dutse. Ƙyauren da ka cire yana iya zama filanki, amma daga nan ba zai koma ƙyaure ba.

Za a sami mai cewa ka tayar da shi kawai, ka sa giya ɗaya, ya hau da kansa. Gaskiya ne zai hau. Abin da mai shawarar bai lissafa ba shi ne hannun daman nan da ke gogar firem shi ne totur. Kafin ka karɓi shawarar, leƙa ka ga abin da ke bayan ƙofa a layi ɗaya. Yawanci randa ce, sai murhu, sai wadda ke zaune gaban murhu. A kashe ake shigar da babur, a firi, bayan ya huce. Salansa tana dama, ba ta canza kama don ta yi zafi, kuma a sha-raɓar dama take buga tambarinta. Ka ba ta rabin awa ta huce. In naka mai kafireto ne, rufe makullin mai na ƙarƙashin tanki, don in aka kwantar da shi yakan zubar da fetur, kuma mun riga mun ambaci murhu. A cikin ɗaki ba a tayar da inji ko don a ji muryarsa. Hayaƙinsa ɗan'uwan na janareto ne, yana kwantar da mutane barcin da ba a tashi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka kana bukatar mutum biyu, ɗaya a gaba, ɗaya a kariya. Biyu kawai. Amma babur a bakin ƙofa yana da farin jini, kafin ka sauke madubi na biyu majalisar ƙofar gida ta taso gaba ɗaya. Ka raba su gida biyu a zuciyarka, masu hannu da masu baki. Masu baki sun fi yawa. Wajen ba da umarni kada ka ce hagu ko dama, domin ƙaninka da ke ciki fuskantarka yake yi, hagunsa damanka ce. In ka ce hagu, kowa zai yi hagunsa tsakani da Allah, babur ya murɗe a tsakiya. Ka bi yadda aka saba kwatance, gabas da yamma, kudu da arewa, don waɗannan ɗaya suke ga na ciki da na waje.

"Auta, ɗaga ka yi kudu kaɗan."

"Yaya, kudu ai bango ne."

"Na sani. Yi kudun."

Za a kuma sami dattijo, yawanci a kan kujera, da zai ce, "Ƙofar nan da kake gani, doki da sirdinsa ya sha shiga ta." Ka ce, "Haka ne, Baba, Allah ya ƙara girma." Maganarsa gaskiya ce. Doki yana sunkuyar da kai, yana ɗaga ƙafa ya tsallake dokin ƙofa, yana lanƙwasa jiki, kuma yana son shiga domin harawa tana ciki. Babur ba shi da ko ɗaya cikin huɗun nan. Amma ba yanzu ne lokacin bayani ba, kilo ɗari da wani abu yana jingine a cinyarka.

Wani lokaci, duk da bin ƙa'ida, akan kai matsayin da babur ya shiga rabi: hannu ɗaya a ciki, ɗaya a waje, gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Kada hankalinka ya tashi, matsayi ne sananne kuma yana da tsarinsa. Da farko a ƙirga mutanen gida, a san su wa ke ciki, su wa ke waje, don a haka za a zauna zuwa wani lokaci. Yara 'yan ƙasa da shekara 7 suna wucewa tsakanin taya da firem, su ne 'yan aike. Kwanon tuwo yana bi ta saman tanki, buta ma haka. In an kira magariba na waje su je masallaci su dawo, babur ba ya zuwa ko'ina. Uwargida za ta leƙo daga tsakar gida ta ce, "Maigida, a nan zai kwana ne?" Tambaya ce ta neman sani, sai ka amsa ta a haka: "Ana kan aiki." In ta ƙara da cewa ita tun ranar da ka kawo shi ta ga ya fi ƙarfin ƙofar, ka ɗauke shi a matsayin awo na biyu da ya tabbatar da na farko.

Ba da ƙarfi ake fita daga nan ba. Sassauta notuna huɗun da suka danne sandar kai a tsakiya, sai ta zame gefe ko ta kwanta baya. Kada ka cire ta gaba ɗaya, wayoyin birki da kuloci da totur duk a jikinta suke. Ka kuma ɗaure su kafin ka hau gobe, don sandar da aka bari a sassauce birkin farko take jira.

In babur ya wuce ka yi hamdala, amma kada ka sallami mutane. Zaure ka shiga, ba gida ba. Maginan da sun kauce da ƙofar ciki daga ta waje da gangan, don kada idon mai wucewa ya faɗa tsakar gida, wani gidan ma sai ka ratsa soro biyu ko uku, kowane da kwanarsa. Tsari ne da ya tsare mutuncin gida shekaru aru-aru, kuma yana tsare shi daga babur mai tsawon mita 2. Bakanike yakan kafe babur a ƙafar gefe, ya jawo shi jikinsa har tayoyi su saki ƙasa, ya juya shi a kan ƙafar nan guda yana amsa waya. Kai ka shimfiɗa buhu ƙarƙashin tayar baya, mutum biyu su ja buhun.

Akwai masu cewa tunda babur ya ƙi raguwa, a ƙara ƙofa. Hujjarsu tana da ƙarfi, don ko ƙofofin ganuwar Kano, irin su Ƙofar Nassarawa da Ƙofar Na'isa, da motoci suka yi yawa faɗaɗa su aka yi. Bambancin shi ne hukuma ba haya take zaune ba. In gidan naka ne kira birkila, amma ka nuna masa linta ko azarar da ke saman ƙofa kafin ya ɗaga guduma. A kan gefunan nan biyu take zaune, in aka ci su da yawa ƙofa takan ƙaru ta sama ma, ba tare da an nema ba. In na haya ne, ka tuna ba duk ƙofar ce ta yi ƙunci ba, inda kai ke wucewa ne kawai. A sassaƙe santimita 3 a kowane gefe, a tsayin mita ɗaya, ƙofa ta sami kunnuwa biyu. Yawancin ƙofofi ma ba sa jiran birkila, babur da kansa yake sassaƙa su a hankali, dare bayan dare. In ka bi lungu kana lura da gefen ƙofofi za ka karanta tarihin gida: ƙwarzanen ƙasa na tsohuwar Jincheng ne, na sama na Boxer da aka saya bayan ƙarin girma, wani da ragowar jan fenti a ciki. Ranar da mai gidan ya zo karɓar haya ya tsaya yana kallon kunnuwan, ka gaishe shi da kyau, ka tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya.

Da safe za ka tarar babur yana kallon cikin gida, ƙofa tana bayansa. Babur ba shi da ribas. Honda ta sa wa Gold Wing ribas tun 1988, amma wannan ya haura kilo 350, kuma mai shi ba ya karanta irin wannan bayani, maigadi ne ke buɗe masa get. Kai sai ka maimaita aikin jiya daga ƙarshe zuwa farko. Hannun da ya shiga ƙarshe shi ne zai fara fita, inda ka ce kudu ka ce arewa, filankin ciki ya zama na hawa. Bambanci biyu ne kawai: yanzu ba ka ganin inda za ka, kuma masu hannu suna barci. Masu baki sukan fito da wuri. Kada ka mayar da madubi sai kana waje. Da yawa cikin masu baburan da kake gani a titi ba madubi, ba ganganci ba ne, ƙofarsu 76 ce, madubin yana aljihun wata riga. In ƙarfe 8 kake fita aiki, ka fara ƙarfe 7. Da sabo lokacin yana raguwa, yatsa ma yana yin kanta.

Saura hanya ɗaya, ga wanda bai sayi babur ba tukuna. Sabon babur a kwali yake zuwa, tayar gaba a cire, kai a kwance a gefe, bakanike ne ke haɗa shi a bakin shago. Kwalin siriri ne, ya fi abin da zai fito daga cikinsa sauƙin shiga ƙofa. Don haka kana iya sa a kawo shi gida a rufe, a shige da shi har ɗaki, ka kira bakanike ya zo da kayan aikinsa ya haɗa shi a can, da madubinsa da ƙarfen gwiwarsa da komai, ba ƙwarzane ko ɗaya, ba a taɓa firem ba, ba a taɓa yatsa ba. Mai wannan babur ba ruwansa da layin mai, ba ruwansa da mai faci. Abin da ake bukata kawai ya cire kan batir, ya riƙa goge shi ranar Juma'a, yana ɗan tura shi gaba da baya taku biyu don kada tayoyi su kwanta wuri ɗaya, sannan kowace safiya ya tanadi canjin adaidaita, na zuwa da na dawowa.